Wasiƙun Ummu Abadir

Sunan uwata Zahiyya, amma ban taɓa jin wanda ya kira ta da shi ba sai likita. Duk ƙauyenmu Ummu Abadir suke ce mata. Ni ce 'yar fari, na ba ƙanena Abadir shekara uku cur, amma wa zai kira mace da sunan 'yarta? Ranar da aka haife shi ta sami suna, kamar kafin nan ba ta taɓa naƙuda ba. Na faɗi wannan tun farko don a san irin zuciyar da na tashi da ita. Ba wanke kaina nake yi ba, don ba abin da zai wanke ni.

Gajeriya ce mai jiki, kullum cikin baƙaƙen kaya tun rasuwar babanmu Gattas. Da gurasa ta raine mu. Takan kwaɓa ƙullu da safe, ta jera shi a rana ya kumbura, ta gasa, matan unguwa su zo su saya. Ba ta san ko harafi ɗaya ba, ba kuma ta jin kunyar haka. Tana da faɗa, tana da dariya, tana da aminiya guda ɗaya tak a duniya, ita ce Budurwa Maryamu, wadda muke kira Adra.

Hoton Adra yana cikin wata 'yar alkuki a bangon ɗakinta. Da shi ta zo gidan miji. Takarda ce aka manna a katako, hayaƙin fitila ya dafar da ita har sai ka matsa kusa za ka gane fuskar jaririn da ke hannunta. Fitilar nan ta mai ba ta mutuwa. Ko gidan ba man miya, akwai man Adra.

Ba addu'a uwata take yi a gaban hoton nan ba kamar yadda mutane suke yi. Hira take yi. Da safe za ka ji ta tana cewa, "Ina kwana, Uwar Haske? Ya yaron?" Sai ta ɗauko kwanon ƙullu ta zauna kusa, ta fara ba ta labarin unguwa.

"Kin ga abin da Hikmat ta yi mini jiya? Ta ari rariyata ta dawo da ita a huje, ko uffan ba ta ce ba. Ke ma kin zauna da maƙwabta, kin san halinsu."

Hikmat maƙwabciyarmu ce, katanga ɗaya ta raba mu, kuma takan ji. Sai ta ɗaga murya daga can: "Ki gaya mata a huje kika ba ni!"

"Ji ta, ji ta," in ji Umma ga hoton. "Har a gabanki."

Abadir yana da shekara goma sha bakwai ya bi mutanen ƙauyenmu zuwa Libiya aikin filasta. Shekara ɗaya da rabi yana aiko da kaset, tunda ya san ba ta karatu. Takan ari rediyon Hikmat ta ajiye a gaban alkuki don su saurara tare da Adra. Daga nan kaset ya ɗauke. Waɗanda suka dawo suka ce ya canza gari. Wani ya ce ya gan shi, wani ya ce ba shi ba ne. Umma ta rame har zobenta ya fara zamewa.

Ƙananan buƙatu da baki take faɗa wa Adra. Amma babbar magana, a ganinta, sai da takarda. "Ko ofishin gwamnati ka je da baki kawai, wa zai dube ka?" Haka take cewa. Duk shekara a azumin Adra, cikin zafin Agusta, mukan hau dutsen Duronka tare da sauran jama'a, kowa da 'yar takardarsa a ninke, a cusa a gefen katakon babban hoton Adra da ke cikin kogo. Ba mai buɗe takardar wani. Idan sun taru a kwashe a ƙone. Uwata ba ta taɓa kai takarda ba sai shekarar da Abadir ya yi shiru, kuma ni ce mai rubutu a gidan.

Ina tuna ranar sarai. Da la'asar ne, mun gama cin lalo da ruwan sanyi irin na azumi, bakina duk tafarnuwa. Ina shekarar ƙarshe a kwalejin horon malamai, na riga na faɗi jarrabawa sau ɗaya, saura wata guda in sake zama. Ba wanda ya tambaye ni yadda nake ciki. Ta miƙo mini takarda da biro ta ce in rubuta.

"Ki ce mata daga Zahiyya 'yar Tadros. Ki ce ɗa ɗaya gare ta, ɗa ɗaya gare ni, ta san zafin. Ki ce ba ni da kowa a duniya sai shi."

Na ɗaga kai na dube ta. Ko a jikinta. Idonta yana kan hoton.

"Ba ki da kowa, Umma?"

"Rubuta, Rifka, kada ki katse ni. Ba ni da kowa sai shi. Ta dawo mini da shi ko a tsirara ne."

Ni da nake tashi tun asuba in hura mata tanderu kafin in tafi makaranta! Ni da nake wanke mata ƙafa da ruwan ɗumi! Sai na rubuta: Daga Zahiyya 'yar Tadros. Uwar Haske, 'yata Rifka ta ci jarrabawa. Na ƙara layuka na ja su da tsawo don ta ga takarda ta cika. Ta goga babban yatsanta a baƙin hayaƙin fitila ta dangwala a ƙasa, ta sumbaci takardar, ta ninke. Da hannunta ta cusa ta a Duronka, tana turereniya da mata, gyalenta har yana faɗuwa.

Na ci jarrabawa. Ba ci kawai ba, na zo ta uku.

Da farko dariya abin ya ba ni, dariyar tsoro. Na ce sa'a ce, na yi karatu ne. Na yi wa kaina alkawari baɗi Abadir zan rubuta, kalma da kalma. Baɗi ta zo, ana rabon wuraren aiki, ana tura 'yan ajinmu can ƙauyukan bakin hamada inda mota ke zuwa sau ɗaya a mako. Umma ta miƙo takarda. Na ce a raina, shekara ɗaya dai, Abadir namiji ne, zai iya jira. Aka ba ni makarantar da ke bayan gidanmu, har ƙararrawarta muna ji daga tsakar gida.

Shekara ta uku Wisa na rubuta, ɗan kafinta, wanda uwarsa ta rantse ba zai auri 'yar mai gurasa ba. Kafin Kirsimeti uwar da kanta ta zo nema masa aurena da kwalin alewa. Ta huɗu na yi ɓari sau biyu, na rubuta haihuwa. Na haifi namiji. Daga nan ban ƙara ce wa kaina sa'a ba. Na san abin da nake yi. Na gane cewa yatsan uwata yana buɗe ƙofar da nawa ba ya buɗewa, kuma kowace shekara akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya: aikin Wisa ya tsaya, yaro ya kwanta da zazzaɓin da ya ƙi sauka, ƙafarsa ta ƙi taka ƙasa. Wace uwa ce za ta ga ɗanta a kwance ta rubuta sunan wani? Haka nake faɗa wa kaina, ina zaune a gaban wata uwar ina sace mata takarda.

Ita kuwa kowace shekara tana ƙara wa wasiƙar daɗin baki. Ta yi alkawarin rago. Ta yi alkawarin hawa dutsen ba takalmi, kuma ta hau tun kafin a biya mata, wai don Adra ta ga da gaske take. Na bi bayanta ina kallon tafin ƙafarta yana tsagewa a kan duwatsu masu zafi, takardar tana cikin rigarta, ni kaɗai na san abin da ke ciki. Sau bakwai muka yi haka.

Bayan ta bakwai da wata biyu wani mutumin garin Sohag ya yi sallama a ƙofarmu da 'yar jaka a hannu. Ɗaki ɗaya suka zauna da Abadir a Libiya. Ya ce ya faɗo daga saman gini ne a watan jiya, bai kwana ba. Ya ce duk shekarun nan yana nan da ransa, lafiyarsa ƙalau, kunya ce ta hana shi aike, don ya tafi da alkawarin gina wa uwarsa bene, ga shi ko rigar kirki bai tara ba. Ya ce duk Agusta sai ya ce bana zai koma gida, sai kuma ya fasa.

Duk Agusta. Watan da nake sace mata takarda.

Umma ta yi kukanta kwana arba'in kamar kowa. Ranar da aka share makoki ta shiga ɗaki, ta tsaya a gaban alkuki, hannu a ƙugu. Ina bakin ƙofa.

"Sau bakwai," ta ce. "Naki kwana uku ya yi ya dawo miki. Ni shekara bakwai ina aiko miki, ko ki ce mini a'a. Shi ke nan. Kowa ya kama gabansa."

Ta sa yatsu biyu ta murƙushe lagwanin fitilar.

Gaba ta ƙulla da Adra, gaba irin ta matan ƙauye, wadda ba sassauci. Ba ta cire hoton ba, ba ta juya shi ba, don a cewarta ba ita za ta bar wa wata ɗakinta ba. Ta dai daina kallon wajen. Coci kuwa ba ta fasa zuwa ba. Takan bi hotunan tsarkaka ɗaya bayan ɗaya tana shafawa tana sumbatar hannu, Mar Girgis, Mar Mina, kowa da gaisuwarsa, in ta iso na Adra sai ta gyara gyale ta ɗauke kai ta wuce. Azumin Agusta ya zo ta soya ƙwai, abin da ba a ci a azumin, ta bar ƙofa a buɗe don ƙamshi ya fita.

Hikmat ta leƙo ta katanga. "Ummu Abadir, ki ji tsoron Allah! Ƙwai a azumin Adra?"

"Ki je ki gaya mata. Ai ke tana saurarenki."

Mutane suna dariya, suna cewa rigimar tsufa ce. Ni ban yi dariya ba, don ni nake ganinta da rana tsaka tana kwaɓa ƙullu shiru. Matar da bakinta ba ya hutawa! Wani lokaci sai ta buɗe baki, ta ɗan juya wajen alkuki da wani labari a kan harshenta, sai ta tuna, ta haɗiye. Rashin Abadir ya karya ta, amma gabar nan ce ta busar da ita. Na raba ta da ɗanta ko ban raba ba, Allah ya sani. Amma aminiyarta kam ni na raba su, wannan ba shakka a ciki.

A shekara ta biyu da fara gabar na kasa daurewa na faɗa wa Abuna, firist ɗinmu, a wajen ikirarin zunubi. Tsoho ne mai son barkwanci, amma ranar bai yi ba. Ya ce, "'Yata, Adra ba ma'aikaciyar gidan waya ba ce. Ta ji uwarki tun kafin ki ɗauki biro. Ba takardarki ce ta kashe ɗan'uwanki ba." Na ji sanyi ya ratsa ni. Sai ya ƙara da cewa, "Amma uwarki tana gaba da wadda ba ta yi mata laifi ba, kuma ke kaɗai za ki iya raba wannan faɗan. Je ki gaya mata."

Na ce to. Na ɗauki rabin farko na maganarsa na riƙe, na bar rabin na biyu a coci. Shekara bakwai ina cewa gobe. In na shigo da niyya sai in tarar tana wasa da ɗana, in ce ba yau ba. In na tarar ba ta da lafiya, in ce ai sai ta warke. Tsoro ne kawai, ba wani abu ba. Ina tsoron ta dube ni yadda take ɗauke kai daga hoton nan.

A shekara ta tara da fara gabar, zuciyar Umma ta kumbura. Likita a garin Asyut ya ja ni gefe ya ce mu kai ta gida mu kyautata mata. Azumin Adra ya kama tana kwance, ƙafafunta kamar an hura. Ta sa aka juya mata gado don ta ba alkuki baya. Ranar biyar ga azumi, da hantsi, Hikmat ta shigo ta zauna a bakin gadon tana kuka.

"Haba Ummu Abadir. Haka za ki tafi? In kin je can kika gan ta fa, me za ki yi?"

"In ɗauke kai in wuce."

"Wayyo ni! Rifka, ki yi mata magana mana, kin tsaya kamar gunki."

Ban san lokacin da na durƙusa ba. Na ce, "Umma, Adra ba ta hana ki komai ba."

"Ke kuma yaushe kika zama lauyarta?"

"Ba ta sami wasiƙarki ba. Ko ɗaya. Ban taɓa rubuta sunan Abadir ba."

Hikmat ta dafe ƙirji. Umma ta juyo da kai a hankali. Ba ta gane ba, sai da na sake faɗa.

"To me kika rubuta? Na ga rubutu. Takarda cike."

Na faɗa mata. Jarrabawa, makaranta, Wisa, haihuwa, har zuwa ƙafar yaro. Tana bi da yatsu.

"Ta ba ki?"

"Ta ba ni."

"Duka?"

"Duka, Umma."

"Da yatsana a ƙasa?"

Na gyaɗa kai. Abin da na gani a fuskarta ban shirya masa ba. Haske ne. Ta buɗe baki tana dariya, hawaye yana gangarowa cikin kunnenta. "Hikmat, kin ji? Ashe tana ji na! Sau bakwai na aika, sau bakwai ta amsa! Ko sau ɗaya ba ta mayar da yatsana ba!"

Sai dariyar ta tsaya. Na ga lokacin da lissafin ya iso mata.

"Ashe da kin rubuta, da ya zo."

Na buɗe baki in faɗa mata abin da Abuna ya ce, cewa ba gidan waya ba ne, cewa ba takarda ba ce. Maganar ta ƙi fita, don ni kaina ban taɓa yarda da ita har zuci ba.

Ba ta zage ni ba. Wallahi da ta zage ni, da ta tsine mini, da na fi samun sauƙi. Sai ta ce wa Hikmat ta kawo mai da ashana, ta ce mu juya gadon. Muka ɗaga ta zaune. Ta daɗe tana duban hoton, gizo-gizo ya yi saƙa a kusurwarsa, ƙura ta rufe fuskar. Ta sa gefen gyalenta ta goge.

"Ni ce," ta ce. "Dubi yadda na bar ki. Ke ma ba ki ce komai ba, kina kallona ina hauka."

Sai a ashana ta uku fitilar ta kama. Sa'an nan, ba tare da ta dube ni ba, ta ce, "Ɗauko takarda."

Na ɗauko.

"Daga Zahiyya 'yar Tadros. Na zalunce ki shekara tara, ki yafe mini. Yarona yana wajenki, ki duba mini shi, ba ya faɗa in yana jin yunwa. Ki gaya masa na aika a kira shi, sau bakwai na aika, ba a kai ba ne. Kada ya ce na manta da shi." Ta tsaya ta huta, numfashinta yana fita da ƙyar. "Wannan yarinyar da take rubutu kuma, ke ki yafe mata. Ni ban iya ba tukuna."

Na rubuta shi yadda ta faɗa, har da tukuna. Na miƙa mata, na matso da fitilar don ta shafi baƙin. Ba ta shafa ba. Ta miƙa wa Hikmat takardar.

"Kin yi aji huɗu, ko? Karanta mini."

"Haba, Ummu Abadir, ai yanzu kam..."

"Karanta."

Hikmat ta karanta da ƙyar, tana haɗa baƙi ɗaya-ɗaya kamar 'yan ajina, ni malamar makaranta ina durƙushe ina saurare. Umma ta rufe ido tana bin kowace kalma da leɓe. Da aka kai ƙarshe ta ce, "Haka na ce." Sai ta dangwala yatsa, ta ninke, ta damƙa wa Hikmat ta kai Duronka.

Kwana goma sha ɗaya ta ƙara a duniya, ta ga ƙarshen azumi. Bakinta ya dawo, tana ta ba Adra labarin shekara tara da ta rasa, wa ya mutu, wa ya yi aure, wa ya sayar da saniya. Ni na yi jinyarta. Ta ci daga hannuna, ta sha daga hannuna, in na gyara mata matashi takan ce sannu, Rifka. Kowace safiya nakan shigo da ruwan wanke fuska in tsaya kaɗan a bakin gado, ko za ta ce ta iya. Ba ta ce ba.